SHARHI: Ƙwayar asibiti da jiƙon gida a ciki ɗaya: Gamin-gambizar da ke cin tsofaffin Najeriya a ɓoye

A gidaje da dama a ƙasar nan, a gefen gadon dattijo ko ƙarƙashin matashin dattijuwa, akwai wata leda da ba ta nisa da mai ita. A cikinta za a tarar da katin ƙwayar hawan jini da aka ɓare rabi, da na ciwon suga, da na ciwon gwiwa wanda aka sayo a kemis ba tare da takardar likita ba. Kusa da ledar ga gorar roba cike da jiƙon saiwa, ga ƙullin garin hulba, ga kwalbar man habbatus sauda da aka kawo tsaraba daga Makka. Likitan da ya rubuta ƙwayoyin bai san da gorar ba. Mai maganin da ya haɗa jiƙon bai taɓa ganin katin ba. Aikin mutanen nan biyu a cikin tsohon yake haɗuwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya san abin da ke faruwa a can.

Haɗa maganin gargajiya da na asibiti ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Abin da ya sauya shi ne dalilin yin hakan. A da, mutum kan ƙara jiƙo a kan ƙwaya ne don neman ƙarin dacewa. Yanzu kuwa da yawa suna yi ne don ƙwayar ta daɗe ba ta ƙare ba.

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024. Ƙasar da mafi yawan magungunanta daga waje ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadaransu daga Indiya da Sin suke zuwa, ba ta da inda za ta ɓuya wa irin wannan guguwa. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da naɗe tabarmarsa, ya miƙa rarraba kayansa ga dillalai. Sanofi ya bi sahu a watan Nuwamba. Farashin Augmentin da Ventolin ya zama abin labari a jaridu, amma waɗanda suka fi jin jiki a ɓoye su ne masu cutukan da ba a gama shan maganinsu, wato hawan jini, suga da ciwon zuciya. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna a ƙarshen Yunin 2024, sai dai irin wannan sauƙi kan daɗe a hanya kafin ya iso kantar kemis ta unguwa.

A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya daga aljihun majinyaci yake fita, tsohon da ba ya da albashi yakan koma ga lissafi. Ƙwayar da aka ce ya sha kullum sai ya mayar da ita bayan kwana biyu, ya cike gurbin da jiƙo. Ran da ɗa ko 'ya suka turo kuɗi, sai a koma shan ƙwaya kullum, jiƙon kuma ba a daina ba, tunda an riga an saba. Ta haka jiki ɗaya ke shan nauyin magani biyu a wannan mako, ya wayi gari da rabin ɗaya a mako mai zuwa. Likitan da ya auna jinin a ranar asibiti, ya ga ya hau, sai ya ƙara ƙarfin ƙwaya bisa zaton ana shan ta yadda ya ce.

Jikin da ya sha miya

Dalilin da ya sa wannan ya fi zama barazana ga tsofaffi ba ɓoyayye ba ne ga masana. Duk abin da mutum ya haɗiya, ƙwaya ce ko saiwa, hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda ta tace ta fitar. Daga wajen shekara 40 ƙarfin tacewar ƙoda kan fara raguwa sannu a hankali, ta yadda ɗan shekara 75 zai iya rasa kaso mai tsoka na wannan ƙarfi alhali yana yawonsa lafiya lau. Hanta na ƙanƙancewa, jinin da ke ratsa ta na raguwa. Ruwan jiki ya ragu, kitse ya ƙaru. Sakamakon shi ne maganin da jikin saurayi zai kammala da shi kafin la'asar, a jikin kakansa yana nan har washegari, na gobe ya zo ya tarar da shi.

Ga kuma yawan magungunan. Ba abin mamaki ba ne a samu dattijuwa mai hawan jini da suga da ciwon gaɓoɓi tana shan ƙwaya iri biyar ko shida a rana. Tsakanin waɗannan kaɗai ma akwai rigimar da likita ke ta ƙoƙarin sasantawa. Idan aka zuba musu jiƙon da ya ƙunshi itatuwa bakwai, wanda ƙarfinsa ya danganta da tsawon tafasa da kuma lokacin da aka saro itacen, to lissafin ya fita daga hannun kowa.

A nan ya kamata a kawar da wata fahimta da ta yi katutu a ɓangarorin biyu. Masu raina maganin gargajiya na cewa ruwan banza ne. Masu kare shi na cewa daga Allah ya tsiro, don haka ba ya cutarwa. Duka biyun sun kauce. Kwinin daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka aka samo shi. Digoksin na ciwon zuciya daga wani furen Turai. Metfomin na suga asalinsa wani tsiro ne. Sinadarin da ke cikin Coartem daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka tatso shi, aikin da ya ba Tu Youyou lambar Nobel a 2015. Ko a nan Abuja, cibiyar NIPRD ta haɗa maganin sikila na Niprisan daga tsirrai da suka haɗa da masoro da kanumfari da karan dafi. Itace magani ne na gaske, kuma wannan ne ainihin abin tsoron. Abin da ke da ƙarfin sauke suga yana da ƙarfin sauke shi fiye da kima idan ya tarar da wani yana kan wannan aikin.

Inda aka fi samun karo

Ciwon suga ne fagen da haɗarin ya fi saurin kisa. Hulba na rage suga, an gwada an gani. Garahuni da shuwaka ma mutane na shan su don haka. A ɗaya gefen kuma akwai gilibenkilamid, wanda aka fi sani da Daonil, ƙwaya mai arha da ta cika kemis-kemis. Aibinta shi ne tana daɗewa a jiki, tana ci gaba da tura suga ƙasa ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a jerin muhimman magungunanta cewa ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Amma arha ta sa har yanzu ita ce a ledar tsofaffi da yawa.

A ƙaddara dattijo ya sha wannan ƙwaya da safe, ya bi ta da kofin hulba mai kauri, sannan bai samu cin kirki ba, ko dai don ba ci, ko don azumin nafila, ko don babu. Zuwa azahar suga ya faɗi. A jikin matashi alamar a fili take, rawar jiki da gumi da bugun zuciya. A jikin tsoho kuwa sau da yawa waɗannan ba sa bayyana sosai. Abin da iyali za su gani shi ne Baba ya rikice, yana magana ba kan gado, ko harshe ya karye, ko ya kwanta barcin da ba a iya tashinsa. Wani zai ce ruɗin tsufa ne. Wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Wata ta ce a kira malam, iska ce. Alhali abin da ake buƙata a wannan minti shi ne a auna suga, in yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari ko zuma, a garzaya asibiti. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin suga na sa'o'i. A watan Ramadan wannan haɗari kan ninka, musamman ga wanda ya haɗa ƙwayar da jiƙo a lokacin sahur.

Hawan jini kuwa ta fuska biyu ake samun matsala. Zoɓo, wanda kowa ke ɗauka abin sha ne kawai, yana sauke jini. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya nuna kofi uku a rana na tsawon mako shida ya rage lambar sama ta awon jini da wajen maki bakwai. An yi makamancin wannan gwaji a Enugu, sakamakon ya tafi a kan hanya ɗaya. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda ba ya shan komai. Ga wanda ke shan amlodifin da lisinofiril da ƙwayar fitsari kuwa, ya kuma ƙara da zoɓo mai kauri safe da yamma da tafarnuwa da habbatus sauda, jinin na iya sauka ƙasa da inda ake so. Alamar ita ce jiri idan an miƙe, daga zaman tahiyya ko daga gado da tsakar dare za a kewaya. Faɗuwa ɗaya ta isa. Karayar ƙugu ga ɗan shekara 80 ba karaya ce kawai ba, domin da yawa daga kwanciyarta ba sa sake tashi.

Ta ɗaya fuskar kuma akwai masu warware aikin ƙwaya. Kanwa, ja ce ko ungurnu, wadda tsofaffi ke jiƙawa don kumburin ciki ko su sha a kunu, gishirin sodiyam ce tsagwaronta, abin da aka hana mai hawan jini da mai ciwon zuciya. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Zuciyar tsoho ba ta fi ta mai jego ƙarfi ba. Haka ma saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake samu a shagunan magungunan Musulunci da cikin wasu ganyayen shayi: tana riƙe gishiri da ruwa a jiki, ta ɗaga jini, ta zubar da fotasiyam.

Batun fotasiyam ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne wata al'ada da ta zama ruwan dare ke shigowa. Kusan babu abin da kasuwar maganin gargajiya ta fi sayarwa kamar maganin basir da na wankin ciki, kuma da yawansu filasko ne ko sanamaki a ciki, masu sa gudawa. Gudawa na fitar da ruwa da fotasiyam. Ƙwayar fitsari irin su Lasix ita ma abin da take fitarwa ke nan. Idan fotasiyam ya yi ƙasa a jinin mai shan digoksin, ƙwayar da tazarar da ke tsakanin amfaninta da gubarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai bugun zuciya ya hargitse. Ko babu digoksin, tsohon da gudawa ta tsotse, yana kan lisinofiril da ƙwayar fitsari, ya kuma ƙara da diklofenak ko Feldene don gwiwa, ya haɗa duk abin da ake buƙata don ƙoda ta tsaya cak cikin 'yan kwanaki. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Abin a yaba ne, amma ko a sabon farashin, wanki biyu ko uku a mako ya fi ƙarfin gidan da tun farko tsadar ƙwayar wata guda ce ta tura shi ga jiƙo.

Sai masu shan maganin tsinka jini. Warfarin, da ake bai wa masu matsalar bugun zuciya ko gudan jini, ya yi ƙaurin suna wajen faɗa da kusan komai. Bitamin K da ke cikin ganyaye irin su zogale da alayyahu na rage masa ƙarfi, sai jini ya koma daskarewa. Ba a ce mai shan sa ya daina cin kwaɗon zogale ba. Abin da ake gudu shi ne sauyi na farat ɗaya, kamar mutum ya fara kwankwaɗar garin zogale cokali-cokali don an ce yana maganin komai. A ɗaya hannun, tafarnuwa da citta da kurkur idan aka sha su da yawa a matsayin magani, ba ɗan abin da ake sa wa miya ba, suna iya ƙara tsinka jinin wanda ke kan warfarin ko asfirin ɗin nan ƙarami da aka fi sani da Vasoprin. Haɓo, jini a dasashi, baƙin bayan gida kamar kwalta, duk alamu ne da ba a jira da su. Wannan ne ya sa likitocin tiyata ke so a dakatar da irin waɗannan abubuwa wajen mako biyu kafin aiki, in dai an gaya musu ana sha.

Har tsamiya ba ta tsira ba. Masana harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa a 1996 cewa cin abinci mai tsamiya na ƙara yawan asfirin da ke shiga jini. Shekara biyu kafin nan, masu bincike a Sudan sun gano tsamiya da zoɓo da lemon tsami na rage kulorokwin da jiki ke zuƙa. Ƙananan gwaje-gwaje ne, a kan mutane ƙalilan masu ƙoshin lafiya, don haka ba hujjar haramta kunun tsamiya ba ce. Abin da suke nunawa shi ne abin da ke cikin kofi na iya sauya abin da ke cikin ƙwaya, kuma ruwa zalla ne ya fi dacewa a kora magani da shi.

Duniya ma a makare ta farga da wannan. A ƙarshen shekarun 1980 wani mai bincike a Kanada, David Bailey, ya yi amfani da ruwan garehul don ɓoye ɗanɗanon barasa a wani gwajin maganin hawan jini, sai ya tarar maganin ya ninka a jinin mutanen. Ashe garehul na toshe sinadarin da ke narka magunguna da dama a hanji. A 2000 kuma likitoci a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin sabuwar zuciyar saboda sun sha wani ganyen Turai mai suna St John's wort, wanda ya kore ƙarfin maganin da ke tsare dashen. Ganyen na yin haka ga warfarin, digoksin da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Ba a ce ya tsiro a Kano ko Keffi ba, amma yana zuwa a kwalabe masu kyan gani, tare da ginko da jinsin, cikin tsarabar da 'ya'ya ke aiko wa iyaye daga Ingila da Amurka, ko ta hannun masu tallar kayan ƙarin lafiya gida-gida.

Ƙwaya a cikin rigar ganye

Duk abin da ya gabata ya shafi tsiro na gaskiya ne. Akwai kuma mugun ɓangare, inda abin da aka sayar a matsayin ganye zalla yake ɗauke da maganin asibiti da aka daka aka zuba a ɓoye. Hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa sun sha kama irin wannan: maganin ƙarfin maza mai ɗauke da sildenafil, wato sinadarin Viagra, maganin ciwon gaɓoɓi mai ɗauke da deksa ko diklofenak, maganin suga mai ɗauke da gilibenkilamid. Mai saye zai ga aiki nan take, ya yi ta yabon mai magani. Dattijon da ke shan ƙwayar ciwon ƙirji ta ajin naitiret, ya sha sildenafil bai sani ba, jininsa na iya faɗuwa warwas a cikin sa'a guda. Kuma wannan shi ne nau'in maganin da ba wanda zai faɗa wa 'ya'yansa, balle likita mace sa'ar jikarsa, cewa yana sha.

A nan ne ido ke komawa kan Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC. Mutane da yawa na ɗaukar lambar hukumar a jikin kwalba a matsayin shaidar cewa maganin na warkar da abin da aka rubuta. Ba haka ba ne. Mafi yawan magungunan gargajiya izinin wucin-gadi suke da shi, wanda ake ganewa da harafin L a ƙarshen lambar, kuma na shekara biyu ne. Ma'anarsa an gwada an ga bai nuna guba ba a gwajin da aka yi. Ba a tabbatar yana warkarwa ba, shi ya sa doka ta wajabta a rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wannan rubutu da Turanci yake, da ƙananan haruffa, ga mai saye da ido ya riga ya raunana. Kuma ko gwajin gubar bai amsa tambayar da ta fi damun tsoho ba, wato me zai faru idan wannan ya haɗu da ƙwayoyi biyar da ke cikin leda.

Labarin maganin ruwan nan na Baban Aisha ya nuna girman ramin. A watan Yunin 2023 kafar bin diddigi ta DUBAWA ta wallafa binciken da ya nuna illar maganin ga ƙoda da hanta da huhun dabbobin da aka gwada shi a kansu. Bayan nan ne NAFDAC ta kai samame inda ake haɗa shi, ta kuma bayyana cewa izinin da ta bayar na basir ne, wa'adinsa ma ya riga ya ƙare, amma aka ci gaba da tallata shi a matsayin maganin cutuka barkatai. Shekaru ya yi yana yawo a tasha da kasuwa kafin 'yan jarida su tono. Wannan ma mai kwalba da lamba ke nan. Jiƙon da ake aunawa a kofi a bayan mota mai lasifika, da garin da ake ƙullawa a leda ranar kasuwa, ba su cikin rajistar kowa.

Ba a ce gwamnati ba ta taɓuka komai a takarda ba. Akwai manufar ƙasa kan maganin gargajiya tun 2007. Akwai sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tun 2018. Akwai hukumar bunƙasa magungunan gargajiya a Legas. Amma ƙudirin kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar rajista, ta hukunta mai laifi kamar yadda ake yi wa likitoci, ya shafe shekaru yana kai-komo tsakanin majalisar zartarwa da ta dokoki. Gana ta bi wata hanyar: Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi na ba da digiri a fannin maganin tsirrai, kuma an buɗe sassan wannan magani a cikin wasu asibitocin gwamnati, inda aƙalla ɓangarorin biyu ke ƙarƙashin rufi ɗaya, suna iya ganin katin majinyaci ɗaya.

Su kansu tsofaffin, tsarin lafiyar ƙasar bai gina musu ɗaki ba. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko, wato ta Cif Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma har yau likitocin wannan fanni ƙalilan ne. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da ya haɗa da tsofaffi, amma tsohon manomi da tsohuwar mai ƙosai mafi yawansu ba su san da zamanta ba.

Shirun da ke ɗakin likita

Duk da haka, babban gibin ba na doka ba ne, na magana ne. Majinyaci ba ya faɗa, likita ba ya tambaya. Tsoho ba ya faɗa domin ya taɓa faɗa an yi masa tsawa a gaban mutane, ko kuma domin a wurinsa hulba da zoɓo da zogale ba magani ba ne, abinci ne. Idan abin ya shafi habbatus sauda ko zuma, waɗanda suka zo a hadisi, yakan ji kamar za a sa shi zaɓi tsakanin imaninsa da likita, alhali ba wanda ya ce falalar abu na hana a kula da adadinsa da abin da aka haɗa shi da shi. Likita kuwa, mai layin mutum sittin a bakin ƙofa, in ma ya tambaya, cewa yake yi: kana shan maganin gargajiya? Tambaya ce da amsarta a'a ce tun kafin a rufe baki. Da zai ce, Baba, ban da waɗannan, me ake jiƙa muku ko a dafa muku a gida, da ya ji abin da bai zata ba.

Wannan shiru na da wani farashi na daban. NAFDAC na da cibiyar tattara rahoton illolin magunguna tun 2004, da fom mai launin ɗorawa da ma'aikatan lafiya ke cikawa, da manhajar waya ta Med Safety da aka ƙaddamar a 2020. Amma illar da ba a danganta ta da jiƙo ba, ba za ta taɓa shiga fom ba. Tsohon da ƙodarsa ta tsaya za a rubuta masa hawan jini. Wanda ya faɗi ya karye za a rubuta tsufa. A gida a ce kwana ne ya ƙare. Ta haka ƙasar ke rasa bayanan da za ta iya gina gargaɗi a kansu game da sabara, marke, maɗaci da darbejiya, itatuwan da jama'arta ke sha kullum, sai ta koma dogaro da abin da aka gano a kan ganyayen Turai da Sin.

Masu maganin gargajiya na kirki, kuma akwai su, su ne suka fi kowa cin ribar gyara. Wanda ya gaji sana'ar, yake zaune a unguwa da mutuncinsa, ba abin da zai rage masa idan ya tambayi dattijo ko yana shan ƙwayar suga kafin ya ba shi abin da ke sauke suga. Ƙungiyoyinsu na iya mayar da wannan tambaya ƙa'ida. Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin tallar maganin da ake cewa yana sa a jefar da ƙwayar asibiti, su ma suna da abin amsawa, domin dakatar da maganin hawan jini farat ɗaya na daga cikin gajerun hanyoyin zuwa shanyewar ɓarin jiki.

Wasu gyare-gyaren ba sa jiran Majalisar Tarayya. Ƙara layi ɗaya a katin majinyaci na asibitocin gwamnati, inda za a rubuta abin da ake sha a gida, umarnin ma'aikata ya isa. Sauya gilibenkilamid da wanda ya fi shi sauƙin haɗari ga masu shekara 60 zuwa sama, abu ne da ke hannun masu sayo wa asibitoci magani. Buga gargaɗin kwalba da Hausa da Yarbanci da Ibo, da haruffan da tsoho zai iya gani, sharaɗi ne da NAFDAC za ta iya gindayawa wajen sabunta izini.

A matakin gida kuwa, aikin na hannun ɗa ko 'ya ko jikan da ke raka tsoho asibiti. Ranar ganin likita a ɗauki ledar gaba ɗaya, har da gorar jiƙon da ƙullin garin da kwalbar tsaraba, a zube su a kan tebur. In likita ba shi da lokaci, mai harhaɗa magunguna na asibitin ya fi kowa sanin wannan fanni, kuma duba leda ba ya cikin abin da ake biya wa kuɗi. Idan kuɗin ƙwaya ne ya gagara, a faɗa a fili, domin sau da yawa akwai irinta mai arha da ba ta ɗauke da sunan babban kamfani. In kuma an fara wani sabon jiƙo, sai aka ga jiri, ko rikicewa, ko raguwar fitsari, ko kumburin ƙafa, ko idanu sun yi ɗorawa, a ajiye jiƙon, a tafi asibiti a ranar, a riƙe gorar a hannu.